Mutawakilu da Katin Filin Lilo

Ku ɗan matso, a bar wa mai zuwa wuri a bakin kujera. Wanda shayinsa ya huce ya haƙura ya sha haka nan, don labarin Mutawakilu ba ya son a tashi a tsakiyarsa.

Mutawakilu mutumin Kumasi ne. A zango aka haife shi, a gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Uwarsa koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, kuma tun bai isa ɗaukar tukunya ba yake zama gefenta yana miƙa wa mutane canji. A nan ya san mai susu. Abin da muke kira adashi, su susu suke cewa, sai dai nasu ya ɗan sha bamban. Mutum ɗaya ne ke zagayawa kullum da jaka a hammata, kowace mai sana'a ta ba shi abin da ta iya. Ƙarshen wata ya cire na kwana ɗaya, ladan wahalarsa, ya dawo mata da saura. In ciwo ya kama mace a tsakiyar wata ta daina zubi, ba faɗa, ba kotu. Abin da ta zuba yana nan, ran da ta nema za a ba ta. Haka Mutawakilu ya tashi ya ga duniya tana tafiya: abin da ka zuba ba ka ci ba, ajiya ne.

Da ya girma sai ya shiga turin amalanke a kasuwar Kejetia, yau doya, gobe buhunan albasa. Ya auri Asmawu, 'yar unguwarsu, mace mai fara'a da son mutane. Wanta Lawal ya riga ya daɗe a Ingila, yana tuƙin tasi a Birmingham, har ya mallaki gida a Small Heath. Lawal ne ya tsaya, ya yi ta shige da fice har takardu suka fito, ya kawo ƙanwarsa da mijinta, ya sauke su a ɗakin baya na gidansa. A wannan ɗakin aka haifi 'yarsu, aka sa mata Sumaiya, sunan uwar Mutawakilu. To kun san al'ada, ga 'yar fari, ga sunan uwa. Bakinsa bai taɓa furta sunan ba. "Uwata" yake ce mata, kuma ko wannan ba ya faɗa da ƙarfi a gaban mutane.

Zaman ɗakin baya bai yi wa Mutawakilu daɗi ba. Lawal ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da in sun yi maka alheri sai sun riƙa leƙowa su ga yadda kake amfani da shi. Don haka da aka yi masa hanyar aiki a Manchester, bai tsaya shawara ba. Ya kwashi iyalinsa suka kama flat a Whalley Range, can ƙuryar sama ta wani tsohon gidan masu kuɗi da aka yayyanka ɗaki-ɗaki. Aikin kuwa a wani babban asibiti ne a Oxford Road, ta hannun agency, wato kamfanin da ke ba da hayar ma'aikata. Tura marasa lafiya yake yi a kan gado, daga ɗakin kwana zuwa ɗakin hoto, daga ɗakin hoto zuwa tiyata. Yakan ce turi dai turi ne, sai dai doya ba ta yi maka godiya.

Asmawu ce zaman bai karɓa ba. A Small Heath in ta leƙa ƙofa za ta ga wadda za ta gaisa da ita da Hausa. A Whalley Range kuwa sai matakala da ƙofofi a rufe, miji ya fita tun asuba, ya dawo ya faɗi kamar an sare shi. Aka yi shekaru ana ja, ana saki, ana ƙananan maganganu. Ran nan ta ɗauki yarinya ta yi yaji zuwa gidan wanta.

Mutawakilu ya bi ta biko, da goronsa, da dattijo ɗaya daga masallacinsu. Aka zauna a falon Lawal, magana tana tafiya daidai, har an fara dariya. Sai Lawal ya gyara zama ya ce, "Ni dai abin da nake so Mutawakilu ya tuna, da ba don ni ba, da yanzu yana Kejetia yana ihun a ba shi hanya."

A gaban dattijon ya faɗa, Asmawu tana bayan labule tana ji. Mutawakilu ya miƙe, ya sa takalminsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce wallahi ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba. Magana zarar bunu. Biko ya watse, kafin shekara ta zagayo aure ma ya watse.

Daga nan sai waya. Ya kira ranar Lahadi, a miƙa wa yarinya, ya ce, "Uwata, kina lafiya?" ta ce, "Fine, Baba." Ya ce, "Makaranta fa?" ta ce, "Fine." Sai magana ta ƙare, katin waya yana cin kuɗi. Ya roƙi Asmawu ta riƙa kawo masa ita tashar jirgin ƙasa ko tsakiyar gari, ta ce a'a. 'Yar mutane ba a karɓarta a bakin titi kamar saƙo, ga mutanen zango cike da Birmingham, gobe a ji labari a Kumasi. In yana son ganinta ya zo gida ya yi sallama. Ya ce ya rantse. Ta ce to.

Ana haka har farkon shekarar 2008, Sumaiya ta shiga sha biyu. Wata rana a bas, kan hanyar zuwa aiki, ya ga tallan wani babban filin lilo da ke can cikin ƙauyukan da ke tsakanin Manchester da Birmingham, kusan rabi da rabi. Akwai katin shekara, ka shiga duk ran da ka ga dama, kuma ba sai ka biya a dunƙule ba, wata-wata banki zai riƙa cire musu kaɗan daga asusunka. Ya yi ta kallon tallan har ya wuce tashar saukarsa.

Abin da ya hango ba lilon ba ne. Ya hango hujja. Wanda ya kai 'yarsa wajen wasa ba a ce ya karɓe ta a titi ba, fita ya yi da ita kamar kowane uba. Ya kira Asmawu, ta ce za ta yi wa Yaya magana. Lawal ya ce shi zai riƙa kai ta da motarsa ya dawo da ita, don ba zai sa 'yar ƙanwarsa a jirgi ita kaɗai ba. Aka yanki kati biyu masu hoto, na uba da na 'ya. Takardar da aka ba shi mai ƙananan rubutu ya sa hannu a inda aka nuna masa, hankalinsa yana kan hoton yarinyar.

Asabar ɗaya a tsallake ɗaya, haka aka tsara. Ya hau jirgi, ya sauka ya hau bas, ya isa wajen ajiye motoci ya tsaya. Motar Lawal ta zo, gilashi ya sauka rabi.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. Ƙarfe biyar zan dawo," in ji Lawal.

Iyakar zancen surukan ke nan tun daga bazara har kaka. Lawal ya juya ya tafi neman fasinja a garin da ke kusa, su kuma su nufi ƙofa, kowa ya ɗora katinsa a kan na'ura, fitila ta yi kore, ƙarfe ya juya.

Kada ku ɗauka Mutawakilu yana hawa wani abu. Sau ɗaya ta ja shi ya shiga wasu manyan kofuna masu juyawa, na ƙananan yara ma, ya fito yana dafe da bango, yarinya tana dariya har da hawaye. Tun daga ranar aikinsa riƙe jaka da rigar sanyi. Ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, wani jirgin lilo ya kwashi mutane ya kai su sama ya kife, shi yana ta salati a zuci, yana neman ɗankwalinta a cikin kawuna. In ta sauko, ba ya rungumarta, ba ya riƙe hannunta, kunyar 'yar fari ba ta barinsa. Sai dai ya miƙa mata ruwa ya ce, "Kin gama, ko akwai saura?" Azahar ta yi ya shimfiɗa jaket a kan ciyawa bayan rumfar mai askirim ya yi salla, su ci shinkafa da waken da ya dafo, ta ce yajin ya yi yawa, ta cinye. Ba su cika magana ba, kuma ba a lura, don wurin ba ya shiru. Ihu da kiɗa da ƙarar ƙarfe sun ɗauke musu nauyin hira. Shi dai ya san yana ganin tsawonta yana ƙaruwa a jikin sandar da ake gwada yara, ya kuma ji yadda Turancinta na Manchester ke narkewa yana komawa na 'yan Birmingham.

Sai shekarar ta juya. Waɗanda suka zauna a Ingila a lokacin sun san yadda aka yi, bankuna suna rawa, kamfanoni suna sallamar mutane. Agency ta fara rage masa shift. Makon da ya saba yin kwana biyar ya koma uku, wani makon biyu. Kuɗin haya bai ragu ba, harajin council, wato ƙaramar hukuma, bai ragu ba, abin da yake aika wa Asmawu na yarinya ba ya taɓuwa, ga tsohuwa a Kumasi ƙafa ta hana ta fita da koko. Ya zauna ya duba abin da za a iya yankewa, ya ga ya riga ya yanke nama, ya yanke hita sai da safe. Saura katin.

Ya buga wa kamfanin filin lilon waya. Wata murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna, ta ce ya danna uku, ya danna, aka sa masa kiɗa. Yana riƙe da waya a kunne yana tsara yadda zai yi bayani cikin mutunci, har kuɗin wayar suka ƙare bai ji muryar ɗan Adam ba.

Akwai abokin aikinsa Dalyop, mutumin Jos, Kirista, mai Hausa kamar a bakinsa aka ƙirƙire ta. Suna tura gado babu kowa a kai a wani dogon lungu na asibiti Mutawakilu ya ba shi labari. A lokacin an shiga azumi.

"To ka je banki ka tsayar da direct debit ɗin mana, su daina cire kuɗin wata-wata," in ji Dalyop. "Amma ka rubuta musu. Bature ba a rabuwa da shi da baki."

"Zan tsayar. Amma ka ga na watan nan sun riga sun cira, kuma ba mu je ba, ba za mu je ba, azumi ne. Wata guda ke nan a ajiye. Bayan salla sai mu je mu ci abinmu, daga nan in san yadda zan gaya wa yarinya."

Dalyop ya tsayar da gado. "Ajiye a wurin wa?"

"A wurinsu mana. Na zuba, ban ci ba."

"Mutumin Ghana, ka ɗauka Bature mai adashin unguwarku ne?"

"Ko Bature ai ya san haƙƙi."

"Ya san takarda dai. Ni kam da kai ne, da na bar duk wannan wahala na je gidan surukin nan na ƙwanƙwasa. Ba kuna da wani abu ba, in mutum ya rantse ya karya, ya yi azumi uku a wuce wurin? Ni da ba na salla ma na sani. Kai da kake yin talatin yanzu, uku ne za su kashe ka?"

Mutawakilu ya ce, "Tura gado, Dalyop."

Ya san da kaffara, tun yana makarantar allo ya sani. Ba ita ce ta tsare shi ba. Abin da ya tsare shi falon nan ne, da kujerar da Lawal ya gyara zama a kai.

Washegari ya je banki, wata mata ta danna abu biyu a kwamfuta ta ce an tsayar. Ya fito yana jin kamar an sauke masa buhu. Bai gaya wa Asmawu ba, bai gaya wa yarinya ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji shi a ransa. Zai bari sai sun gama wasa, ta gaji, ta ƙoshi, sannan a hankali ya ce mata za a ɗan huta da zuwa, kafin nan Allah zai kawo wata dabara.

Asabar ɗin bayan salla aka tashi da sanyi da yayyafi. Sumaiya ta fito daga motar kawunta da sabuwar atamfa a ƙarƙashin rigar sanyi, da lalle a hannu, ta durƙusa kaɗan ta ce, "Barka da salla, Baba." Ya ce, "Barkanmu dai, Uwata." Gilashi ya sauka rabi, aka ce ƙarfe biyar, mota ta tafi.

Layin ranar ya yi tsawo. Da suka isa ƙofa ta ɗora katinta, fitila ta yi ja. Ta goge shi a jikin riga ta sake ɗorawa, ja. Ya ɗora nasa, ja. Yaron da ke tsaron ƙofa ya nuna musu wata taga a gefe.

Matar da ke tagar ba ta yi musu wulaƙanci ba, gara ma a ce ta yi, da ya sami abin jin haushi. Ta duba kwamfuta ta ce an dakatar da katunan saboda an tsayar da biya. Mutawakilu ya gyara murya ya yi mata bayani da Turancinsa na asibiti, a tsanake: ya biya watan jiya, ba su zo ko sau ɗaya ba, na watan jiyan suka zo ci yau. Matar ta dube shi, ta dubi yarinyar, ta ce ba haka abin yake ba. Ba wata-wata yake saya ba. Shekara guda ya saya tun ranar da ya sa hannu, aka raba masa kuɗin don sauƙi. Ko ya zo ko bai zo ba, watan jiya ya wuce. Sauran watannin ma suna kansa, ba a fita sai shekara ta cika, sun kuma rubuta masa. In yana son a buɗe katin yau, sai ya biya na wannan watan da tarar da ta hau kai.

Ya sake maimaita maganarsa, a hankali, ko ba ta gane ba ne. Ta sake maimaita tata. Mutanen da ke bayansu suka fara leƙe. Ya san abin da ke aljihunsa: tikitin komawa, da 'yar takardar kuɗi ɗaya da ya ninke a ambulan, barka da sallar yarinya. Ko ya haɗa da ita ba za ta kai ba.

Sumaiya ta ja hannun rigarsa. Da Hausa ta yi magana, Hausarta mai tuntuɓe, don kada na baya su ji.

"Baba, mu tafi. Mutane suna jira."

A gefen wajen ajiye manyan motoci akwai wata rumfar jiran bas mai benci. A nan suka zauna. Ta bayan shinge ana hango saman jirgin nan yana hawa a hankali, ya tsaya, ya sulmiyo, ihun mutane ya iso musu daga nesa. Yana jira ta ɗauko waya ta kira kawunta. Ba ta kira ba. Ya buɗe kwanon shinkafa da wake tun lokacin ci bai yi ba, don hannunsa ya sami abin yi. Ta ci loma biyu ta rufe.

"Kai ka tsayar?"

"Ni ne."

"Why?"

"Aiki ya yi ƙasa kwana biyu. Zai dawo."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba maganar yara ba ce, Uwata."

"Amma Asabar ɗina ce." Ta koma Turanci, maganar tana fita da sauri. Ta ce ƙawayenta yau suna gidan wata ana cin abincin salla, ta ce musu ba za ta zo ba, za ta wurin babanta. Ta ce da ya faɗa mata da ba ta ce komai ba, ta san ana korar mutane daga aiki, baban wata 'yar ajinsu ma yana gida. Sai ta tsaya, ta dube shi. "Baba, ka san suna rufewa a November, ko?"

Bai sani ba. Shi da aka ce masa katin shekara, ya ɗauka shekara ce.

"Suna rufewa duk winter. Sai March. Na ɗauka kana da plan."

Ya dubi takalminsa. Yayyafi yana sauka a kan rufin rumfar. Wannan ne karo na farko da suka zauna su biyu babu ƙarar da za ta rufe musu shiru, ya kuwa ji nauyinsa.

"Sai ki riƙa zuwa Manchester," ya ce. "Na gyara ɗakin."

"Mma ba za ta yarda ba. Ka sani."

"Ko mu haɗu a laburaren cikin gari, can wajenku."

"Ta ce ba a titi ba." Ta murɗa zoben ledar da ke yatsarta. "Daga tashar coach, inda manyan motocin Manchester ke tsayawa, zuwa gidanmu bas ɗaya ne. Ɗakina yana sama, ta taga ina ganin duk wanda ya sauka. Ka san ba ka taɓa ganin ɗakina ba?"

"Na yi rantsuwa."

"Ina da shekara tara lokacin. Ni ban yi ba."

Ya ciro ambulan ya miƙa mata, ta karɓa da hannu biyu ta ce ta gode, ta sa a jaka ba ta buɗe ba. Azahar ta yi, ya shimfiɗa jaket a kan siminti mai laima ya yi salla, ya daɗe a sujada. Da ya idar ya tarar ta kwantar da kai a jikin gilashin rumfar, ta rufe ido, ba barci take ba. Ya cire rigarsa ta sama ya rufa mata a gwiwa, ba ta ture ba. Haka suka wuni. Bas ta zo ta tafi, ta zo ta tafi, direban ma ya daina tsayawa dominsu.

Lawal ya iso kafin biyar. Direban tasi ne, aikinsa karanta mutane daga nesa. Ya ga inda suke zaune, ya ga atamfar ba ta yamutse ba, ya ga fuskar yarinyar. A karo na farko tun da aka fara wannan zirga-zirga ya kashe mota ya fito. Ya ƙara ƙiba, gemunsa ya yi fari fiye da yadda ake gani ta rabin gilashi.

"Sumaiya, shiga mota ki kunna hita."

Ta shiga baya ta rufe ƙofa.

"Tun yaushe kuke nan?"

"Tun safe, Yaya."

"Ba ku shiga ba."

"An samu matsala da katin."

"Matsala." Lawal ya jinjina kai. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Mutawakilu. Kowa ya san abin da ake ciki a ƙasar nan. Ni kaina jiya tun safe har azahar mutum uku na ɗauka. Da ka buga waya ka ce babu, wa zai kama ka? Sai ka ajiye mini yarinya a rumfar bas cikin ruwa, da kayan salla."

"'Yata ce."

"Wa ya ce ba taka ba ce? Har kunnuwanka ta ɗauko, Allah Ya kyauta." Ya dubi motar, ya rage murya. "Ka saurara. Na gaji da ƙona mai ina kawo ta daji don kada ƙafar wani ta taɓa kafet ɗina. Daga yau na daina. Mai son ganinta ya zo gida ya yi sallama, a ba shi ruwa, ya fita da ita ta ƙofa ya dawo da ita ta ƙofa. Ni ba ɗan aike ba ne."

Mutawakilu ya ji kunnuwansa sun yi zafi. "Ka san abin da ka faɗa mini a gidan nan."

"Na sani. Ƙarya na yi?"

"Ba ƙarya ba ce. Shi ya sa."

Lawal ya sosa gemu. Wanda ya san shi ya san ba zai ba da haƙuri ba, ba a halicce shi da wannan ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaba ta ɓangaren fasinja, ya kwashe wasu jaridu da flas ɗin shayi daga kan kujerar ya jefa ƙasa.

"Akwai sauran naman salla a gida, matata ta yi tuwo. Coach na Manchester yana tashi har bayan isha. Ni ban roƙe ka ba, kada gobe ka ce na roƙe ka. Kujera ce babu kowa a kai."

Ya koma mazauninsa ya tada mota, ya bar ƙofar a buɗe, yayyafi yana jiƙa gefen kujerar.

Mutawakilu yana tsaye da kwano a leda. Bas ɗin da za ta kai shi tashar jirgi ta shawo kwana tana tahowa. In ya hau ta, ya koma Whalley Range da rantsuwarsa cikakkiya, babu wanda zai ce ya sunkuya, sai dai kuma a koma "Fine, Baba" ta waya har ran da yarinyar za ta daina ɗauka. In ya shiga motar nan, zai zauna a falon nan, a gaban kujerar nan, ya ci tuwon mutumin da bai janye ko harafi ɗaya ba, kuma ba sau ɗaya ba, duk ran da yake son ganin 'yarsa. A kujerar baya Sumaiya ba ta dube shi ba. Ta zuba ido a kan lallen hannunta, ta matsar da jakarta gefe duk da ba kusa da ita zai zauna ba.

Lawal ya leƙo ya ce, "Ruwa yana shigar mini mota."

To ku da kuke zaune kuna ji, in ku ne a tsaye a wurin nan da kwano a hannu, wace ƙofa za ku nufa?